Shirun da Na Yi a Teburin Rajista

Assalamu alaikum, Hauwa'u.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasa, Ya sauke ku Kano lafiya lau, ke da Kawunki Lawan da matarsa Abu da duk wanda ke cikin jirgin.

Kin ga na rubuta sunanki a sama. Hauwa'u. Ga shi na sake. Na san za ki yi mamaki, don tun da na haife ki ba ki taɓa jin sa a bakina ba. Sai "ke", sai "yarinyar nan", sai "'yar gidan Abu". To daga yau an daina. Wanda zai ce Rabi ta zubar da kunya a Makka ya faɗa, bakinsa ne.

Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na tsaya. Kwana huɗu ina fama da wasiƙar nan a bayan littafinki na Hausa, in na dawo daga aiki in rubuta kaɗan, hannu ya gaji in ajiye. Inda kika ga na goge ki bi a hankali.

Ke kin san an kama Kawunki a bakin shago a nan unguwar Mansur, an kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Kin san da aka duba takardarsa aka ga yana da mata ɗaya da 'ya ɗaya, kuma 'yar ke ce, shi ya sa za ki bi su ni ina nan. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka yi kika zama 'yar Lawan a takarda. Ba wanda ya sace ki. Ni na yi. Zan gaya miki duka, don kina da shekara goma sha ɗaya, kin isa ki ji.

Kalmar nan rajista, tun ina ƙarama nake jin ta ban gane kanta ba. A firamare malam yakan shigo da wani dogon littafi ya ce zai kira rajista, kowa ya ji sunansa ya amsa. Da na girma aka ce a fito rajistar zaɓe, muka wuni a rana aka ɗauki hotonmu. Aka ce rajistar layin waya. Da na samu cikinki aka ce rajistar awo. Ni dai duk inda na ji ta, abin da na sani shi ne layi da rana da wani mutum a bayan tebur yana ɗaure fuska. Sai a nan Makka na tambayi Malama Bilki, wadda kike zuwa ɗakinta karatu, na ce wai don Allah mene ne ainihin abin nan? Ta ce Turanci ne, a shigar da sunan mutum a littafin hukuma ke nan, shi littafin ma sunansa ke nan, Larabawa kuma tasjil suke cewa. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na koma ɗaki na zauna ina ta tunani. Ashe abu ɗaya ne duk inda kika je. Wani zai riƙe biro ya tambaye ki, abin da ya rubuta kuma shi ne ke, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya min haka. To ni ga shi na gaya miki.

Kuskurena na farko tun kina zanin goyo ne, a Gezawa. A gida na haife ki. Ranar da na kai ki riga-kafi, akwai wata mata a gindin darbejiya da tebur, ta ce min, "Baiwar Allah, zo a yi wa jaririyar nan rajistar haihuwa, ba a biyan komai." Na ce sai na yi shawara. Da na gaya wa kakarki sai ta ce, "An yanka rago, liman ya raɗa suna, duk unguwa ta ci tuwo, wace takarda kuma ta fi wannan?" Ni ma na ga gaskiyarta. Ban koma ba. Da na koma ranar, da yanzu akwai takarda ɗaya a duniya da ta ce Hauwa'u 'yar Sani ce da Rabi, da ba na wannan dogon rubutu.

Saboda haka ki ji. Unguwa tana mantawa, mutane suna mutuwa, suna tashi su bar gari. Duk ranar da aka ce miki zo a rubuta ki da sunanki na gaskiya, ki ajiye abin da kike yi ki je. Ko tukunya ce a wuta ki sauke ta.

Na biyu shi ne babba, shi ne ya raba mu yau.

Lokacin babanki Sani ya riga mu zuwa nan, yana ɗinki a Mansur, sai ya aiko mu taho da Umara, ni da ke. Yayana Lawan shi ne muharramina, shi ma zai taho da Abu. Muka je Kano ofishin wani ejan, mai haɗa wa mutane fasfo da biza. Ɗaki ne ƙarami, mutane cike, fanka tana ta ƙara. Ya gama da Yaya, ya gama da Abu, ya gama da ni, sai ya nuna ki da biro ya ce, "Wannan yarinyar ta wa ce?"

Hauwa'u, ke 'yar fari ce. Kin san yadda ake yi a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, ba ta ko kallonsa sosai in da manya a wurin. Ga Yayana a zaune, ga baƙin maza. Sai na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Ya ce, "Hajiya, da ke nake. 'Yarki ce?"

Na ja mayafi na rufe baki ina murmushi.

Sai Abu ta ce, "Tamu ce." Kuma ba ƙarya ta yi ba, haka ake faɗa, a ɗakinta kike wuni tun kina rarrafe.

Ejan ya ce, "Madalla, hakan ma ya fi sauƙi, ga uwa ga uba. Sunanta?"

Abu ta ce, "Hauwa'u."

Ya ce, "Hauwa'u Lawan," yana danna na'ura.

Na ji da kunnena. Ban yi barci ba, ban fita ba, ina zaune. Na ce a raina ai rubutu ne kawai, kowa ya san 'yar wa ce. Kuma abin da ya fi ci min rai yanzu, da muka shiga a-daidaita-sahu Abu ta ce wa Yaya, "Kai, Rabi akwai kunya, ko ɗaga kai ba ta yi ba." Wallahi daɗi na ji. Har gida ina jin kaina wata mutuniyar kirki.

Ranar da muka iso, babanki ya karɓi fasfonki ya buɗe a kan keken ɗinkinsa. Shi ya yi sakandare, yana karatu. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Rabi, wace ce Hauwa'u Lawan?"

Na ba shi labari.

Ya ce, "Kina wurin?"

Na ce, "Ina wurin."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya rufe fasfon ya sa a aljihu, ya ci gaba da taka keke. Daga baya ya ce in Allah Ya kai mu gida zai gyara da kansa. Kin san sauran. Lokacin aikin Hajji ya bi masu rabon abinci zuwa Arfa, zafi ya buge shi, bai kwana uku ba.

To ga shawarata, ki riƙe ta da kyau. Kunya abu ne mai kyau, ban ce ki yar da ita ba. Ki durƙusa ki gaida manya, ki rage murya a gaban Kawunki, ki rufe jikinki. Amma duk inda kika ga tebur da biro, ko na'ura, kuma aka tambaye ki, ki ɗaga kai ki buɗe baki. Mai rubutu bai san al'adar gidanku ba, bai san murmushi yana nufin e ba. Abin da ya shiga kunnensa shi zai rubuta. In ya gama ki ce ya karanto miki. In ya ce yana sauri, ki ce ke ba kya sauri. In ya harare ki, ki bar shi ya harara, harara ba ta shiga littafi.

Na uku kina wurin, amma bari in tuna miki don ki ga wautar. Lokacin da ciwon ciki ya kwantar da ni, ba mu da igama, takardar zama, sai maƙwabciyarmu Talatu ta ara min katinta na je wani ƙaramin asibiti. Muna zaune ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Talatu Isa!" Shiru. Ta sake. Ni kuma ina ta waige-waige, har ina cewa a raina wace mata ce wannan take ɓata wa mutane lokaci. Sai da kika zungure ni kika ce, "Anti, ke ce fa." Da muka shiga likita ya kalli na'urarsa yana ta Larabci, ni kuma komai ya faɗa sai in ce aiwa, wato e. Ashe cewa yake ina da ciwon suga, yana tambaya ko na yi allurata ta yau, yana shirin rubuta a yi min. Ciwon Talatu ne. Ke ce kika ji Larabcin kika ce masa ba ni da suga. Ya kalli hoton katin, ya kalle ni, ya tura min katin ya ce, "Yalla, ruhi," wato in tashi in tafi. Muka fito, cikin ma ya daina ciwo don tsoro.

Kada ki taɓa aron suna, ko na awa ɗaya. Ba don jarrabawa ba, ba don asibiti ba, ba don wani ya ce ya fi sauƙi ba. Duk wanda ya ce miki "ya fi sauƙi" a bakin tebur, shi abin ya fi wa sauƙi. Sunan mutum yana tafe da ciwonsa da laifinsa da duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Na huɗu kuma, bayan rasuwar babanki sai na zama mai gudun rajista gaba ɗaya. Da na ji an ce tasjil sai in canza hanya. Fasfona tun a filin jirgi yaron ejan ya karɓe, ban sake ganin sa ba, ban kuma nema ba. Kullum ta lungu nake bi zuwa unguwar Rusaifa wurin aiki, in na hango motar 'yan sanda in shige shagon da ban da abin saye a ciki. Ke ma na ɓoye ki. Shekara biyu ba ki shiga aji ba, sai ɗakin Malama Bilki, ku takwas a kan tabarma ɗaya. Ina ganin yaran unguwa da jakunkuna da safe, ina ganin kina leƙen su ta taga, ina yi kamar ban gani ba.

Hajja Zuwaira, wadda nake yi wa aikin gida, ita ta fara gaya min gaskiya. Kin san ta, a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. Ina goge mata kicin ta tsaya a kaina ta ce, "Ya Rabi, haram alaiki. Bint kamar wannan mafi madrasa?" Wato yarinya kamarki a ce ba makaranta.

Na ce, "Hajja, ba mu da takarda."

Ta ce, "Kakata da ƙafa ta zo daga Katsina, ko alif ba ta sani ba. Amma ranar da aka ce tasjil, wallahi ita ce farkon layi, da 'ya'yanta a baya, tana faɗin sunansu wahid wahid, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa kika gan ni a gidan nan. Ke kina ɓuya, tayyib, ki ɓuya. Ita yarinyar laifin me ta yi?"

Na ji haushinta ranar, na ce a raina mai takarda ce shi ya sa take da baki. Amma gaskiya ta faɗa. Shi ya sa da maganar tafiyar nan ta taso ban riƙe ki ba, ko da yake zan iya ɓoye ki a Rusaifa har jirgi ya tashi. In kin zauna, ke ba 'yar kowa ba ce a nan, waɗanda takarda ta ce iyayenki ne sun tafi. A gida kuwa akwai aji da benci. Ki tafi ki zauna a kai. Ɓuya ba zama ba ne, na gwada.

Yanzu maganar Abu. Ranar da take haɗa kaya na same ta, matan gidan duk suna nan, na ce, "Yaya Abu, in kun je za a sa yarinyar nan a makaranta. Ina so a rubuta ta da sunan ubanta."

Ta ajiye zanin da take ninkewa ta ce, "Wace yarinyar?"

Na ce, "Hauwa'u. 'Yata."

Talatu ta ce, "La ilaha illallahu, Rabi, a bakinki?" Wata tsohuwa ta ce, "Makka ta buɗe wa yaran yanzu ido." Abu kuwa idonta ya ciko. Ta ce, "Ni na goye ta, ni na yi mata kitso, ni take kira Umma. Yau ni za ki nuna wa 'yarki ce? Fasfo ya ce Lawan, in muka je da wani suna daban rikici za a yi. Takarda ce fa kawai."

Na ce, "Ni ma haka na ce a Kano. In takarda ce kawai, me ya sa ita za ta hau jirgi da ke, ni ina tsaye a ƙasa?"

Ta ɗauki zaninta ta ci gaba da ninkewa. Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ki ji ni da kyau a nan. Abu ba muguwa ba ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ta so ki tsakani da Allah. Ki ci gaba da kiran ta Umma, ta cancanta. Ki yi mata wanke-wanke, ki yi mata biyayya, kada in ji an ce kin ɗaga mata murya. Ni ki kira ni Antin da kika saba, ban damu ba. Riƙo na yarda, ta riƙe ki har ki girma. Amma suna ban bayar ba. A nan Makka ba a rubuta suna a kan kabari, babanki yana kwance a cikin dubban mutane, ni kaina ban san wane ne nasa ba. Shagon da ya yi ɗinki wani ya shiga, an sayar da keken. Duk duniya ba inda sunan Sani ya rage sai a bayan naki. In aka goge shi a nan, an gama goge shi. Na tambayi malami ma, ya ce addini bai yarda a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, ko da kawunsa ne.

Kuma don kada ki ce na ɗora miki abin da ni na kasa, ga abin da na yi shekaranjiya. Na roƙi Hajja Zuwaira ta ba ni wuni ɗaya, na shiga mota na je Jidda, inda marasa fasfo suke rubuta suna don a ba su takardar komawa gida. Da ƙafata na je, ba kama ni aka yi ba. Matan layin suna ta ce min in aka ɗauki basma, wato zanen yatsa, to an rufe min ƙofar Makka, wasu suka ce shekaru, wasu suka ce har abada. Na ce a rufe. Na ga Ka'aba da idona, na yi ɗawafi, Allah Ya san na zo.

Da layi ya zo kaina mutumin ya ce, "Suna?" Na faɗa. "Sunan uba?" Na faɗa. "Miji?" Kin ga wani sunan da ban taɓa kira ba. Na ce, "Sani, ya rasu." Ya ce, "'Ya'ya nawa?" Na ce, "Ɗaya. Hauwa'u Sani!" Ya ɗago ya ce, "Hajiya, a hankali mana, ni ba kurma ba ne." Mutanen baya suka yi dariya. Na ce, "Karanto min abin da ka rubuta." Ya ce, "Ikon Allah, yau na gamu da lauya." Amma ya karanto, kuma daidai ne.

Sai dai takardata daban take da taku. Sun ce in jira kira, ba su faɗi rana ba. Yana yiwuwa a buɗe makaranta ban iso ba. To ranar da Abu ta kai ki gaban hedimasta, ke kaɗai ce, ba ni a wurin. Ga yadda za ki yi.

Kafin ranar, ki sa a kai ki Gezawa wurin kakarki, ku je gidan liman Malam Audu, shi ya raɗa miki suna, yana raye. Ki ce ni na ce ya rubuto shaida, mai unguwa ya sa hannu. Malama Bilki ta ce da wannan ake zuwa kotu a yi takardar rantsuwa, daga nan a nemi ta haihuwa. Wannan ni zan ƙarasa in na zo, ke dai ki riƙe shaidar a cikin leda kada ruwa ya taɓa.

In hedimasta ya ɗauki biro ya ce sunanki, kada ki kalli Abu, kada ki kalli ƙasa. Ki ce, "Hauwa'u Sani." In ya ce sunan uwa, ki ce, "Rabi." In Abu ta miƙa fasfo ya ce ai nan Lawan aka rubuta, ki ba shi takardar liman, ki ce kuskure aka yi a Kano, uwata ta yi shiru ne. Ki faɗa haka, ban ji kunya ba, ni na yi. In ya yarda, alhamdulillahi. In ya ce shi fasfo zai bi, to ki ce masa cikin ladabi, "Malam, a bar layin ba rubutu, uwata tana hanya." Za su ce za ki rasa zango guda. Ki rasa. Kin rasa shekara biyu saboda tsorona, wata uku saboda sunan ubanki ba zai kashe ki ba. Za su ce yarinyar nan ta yi taurin kai. Ki ce gado ne, uwata ce ta makara ba ta fara da wuri ba.

Allah Ya yi miki albarka, Hauwa'u. Ya tsare min ke daga zazzaɓin damina da ba ki saba da shi ba yanzu, Ya tsare ki a hanyar makaranta, tafiya da dawowa. Ya buɗe miki kai, Ya ba ki baki a inda ya kamata. Ya jiƙan babanki, Ya saka wa Abu da alheri, Ya huce mata zuciya. Ki gaida kakarki, ki ce mata ina tafe, ba tsaraba, sai ni kaina.

Wassalam.

Ni ce uwarki da ta haife ki,
Rabi, matar Sani
Mansur, Makka